Kwalba tara da muryar Kaka

A wurinmu Adarawa kayan wuta iri biyu ne, mai aiki da matacce. Mai aiki a yi ta morarsa har ya gaji. Matacce a kai shi bayan ɗaki, kaji su yi ƙwai a ciki. Turawa suna da iri na uku, abin da ya tsufa har tsufan nasa ya zama kuɗi, kuma sun yi masa suna na yabo. Mu kuwa "tsoho" muke cewa, ko "na da", ko "okaziyo" in a hannun wani aka saya, kuma duk cikin ukun babu kalmar da mutum zai ji ya yi alfahari. Shi ya sa tun da labari ya kai Yamai cewa na kashe jika talatin da biyar na burs a kan rediyon da ya girmi babana, ba a bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali a fada ba. Wannan ya ce karatun harshe ya taɓa min kai, wancan ya ce gidan tarihi zan buɗe. To kamarad, ga amsata a rubuce, kowa ya karanta in huta da maimaici.

Bari in fara siffanta muku shi, don akasarinku ba ku taɓa ganin irinsa ba. Akwati ne na katako mai ruwan ƙasa, tsawonsa ya fi kamu guda, nauyinsa sai ka sa hannu biyu ka dage. Gabansa gilashi ne mai rubuce-rubuce, ƙasan gilashin kuma fararen maɓallai a jere. Tambarin kamfanin ya ɓalle tun da daɗewa, amma rubutun baya Jamusanci ne, kuma ƙirar ta farkon shekarun 1960 ce, lokacin da su Grundig da Telefunken da Saba na Jamus da Philips na Holand suke cika kasuwanni da irin waɗannan akwatuna. Rediyo ne da amfili a haɗe, kuma sitiriyo ne, wato sauti yana fita ta hanya biyu, dama da hagu, kowace hanya da lasifikarta a akwati daban, abin da muke ce wa bafil.

In ka cire marfin baya za ka ga kwalabe tara a tsaye, kowace kamar babban yatsa ko ta ɗan fi. A takardun Faransanci lamp ne sunansu. An zuƙe iskar da ke cikinsu kaf. A tsakiyar kowace akwai siririyar waya da wuta ke gasawa har ta yi ja, zafin ya sa ƙwayoyin lantarki su tashi daga wani ƙarfe su nufi wani faranti, tsakanin biyun kuma an gitta raga. Ɗan motsin wuta kaɗan a kan ragar shi ke buɗe hanya ko ya tsuke ta. Duk wanda ya taɓa ban ruwan albasa a fadama ya san wannan dabara: da ɗan dunƙulen laka kake buɗe bakin fangali ka toshe, ƙaramin motsi ya juya ruwa mai yawa. Haka raunanniyar murya da eriya ta kamo take ƙarfi har ta girgiza bafil. Wani Bature ɗan Ingila, Fleming, shi ya ƙera kwalbar farko a 1904, Lee de Forest na Amurka ya ƙara mata ragar a 1906. A 1947 aka ƙirƙiro tiranzisto a Amurka, ɗan mitsitsin abu da ke yin aikin kwalba ba tare da gashi ba, kuma kafin ƙarshen shekarun 1960 ya kore ta daga yawancin sababbin rediyoyi.

Kada wani ya yi zaton irin wannan akwati shi ne rediyon kakanninmu. Kwalba kuran take ci, kuma ƙauyukan arewacin Adar, wajajen Barmu da Kalfu da Afala da Takanamat, fitilar kananzir suka sani a wancan zamani. Rediyon talaka shi ne ɗan tiranzisto mai pil, wanda ƴan bida ke dawowa da shi daga Kurmi a rataye, an ɗinka masa riga. Da shi aka ji Rediyo Nijar da aka buɗe a 1958, wadda ta koma Muryar Sahel a 1974. Da shi aka ji BBC Hausa da ta fara a 1957, da Rediyon Kaduna, da Jamus, da Muryar Amurka da ta shigo da Hausa a 1979. Da irinsa ƙungiyoyin Rediyo Kulob da aka kafa a 1962 suke tara mutane a ƙauye su saurari shiri sannan su yi muhawara a kansa. Da shi kuma ake jin kokowar takobi, wadda aka fara a nan Tawa a 1975. Mai kwalba kuwa na cikin gari ne, na babban ma'aikaci da babban ɗan kasuwa da Baturen da ya zo aiki. Gilashin gabansa ma ya faɗi don wa aka yi shi. Na karanta sunayen garuruwan da ke jiki ɗaya bayan ɗaya: Paris, Roma, Luksambur, Monte Karlo, Hilversum. Babu Yamai, babu Kaduna, balle Tawa.

Wanda ya zo hannuna na wani tsohon ma'aikacin asibiti ne a unguwarmu, Allah ya jiƙansa. Shi ma a hannun wani Bature ya saya lokacin da Baturen zai koma gida. Ya yi shekaru yana kama labarai da shi, daga baya aka lulluɓe shi da zane aka aza masa kwanonin sha'awa. Da tsohon ya rasu aka zo rabon gado, akwatin ya zama matsala, don ba ya rabuwa kuma babu magajin da ke son a lissafa masa shi cikin kasonsa. Ina gida bakans na ji zancen, na tafi wurin babban ɗan mamacin, na yi masa gaisuwa, na kawo maganar.

"Ƙane, mi zaka yi da shi?" in ji shi. "Mai sayen tsohon ƙarhe ya taya jika biyat. Ya ce jan ƙarhen da ac cikin transfo shika so, sauran a hura wuta da shi."

"Yaya, ni duka nika so, hal da bafil ɗin. Na saya goma."

"Albarka. Babanmu ya hi son akwatin ga da babur nai."

Muka yi ta ja har aka kira la'asar, ya sallama a jika ashirin. Na ɗauko ɗan kabu-kabu, ya ɗaure akwatin a baya, ni da ƙanena muka bi shi a ƙasa kowa rungume da bafil guda. Inna ta dube mu daga bakin murhu, ta ce: "Kai wanga yaro, kuɗɗin hatsin wata guda na fa kaɗ ɗauko ka aza bisa tabur. Gidan kusu kas sawo muna?" Ba ta yi ƙarya ba. Jika ashirin ga ɗalibi kuɗin kar ne daga Tawa zuwa Yamai da dawowa, ko fotokofin darussan wata da watanni. Kuma a ranar babu wanda zai iya rantsuwa cewa akwatin zai sake magana.

Dalilin da ya sa na yi wannan kasada yana cikin wata jakar Kawu. Kawuna ya yi shekaru da dama a Abijan, kamar dubban Adarawa, sai bayan rikicin 2010 da 2011 ya tattaro ya dawo. A shekarun da salula ba ta kai ƙauye ba, wanda bai iya boko ba kaset ne wasiƙarsa. Kaset ɗin nan da Philips ya fito da shi a 1963 don Turawa, mu muka mayar da shi gidan waya. Ɗan bida ya zauna ya yi magana a ciki, ya ba mai zuwa gida. A ƙauye a taru a saurara, a nemo wani kaset a mayar da amsa. Nasa da ya aiko an yi ta ɗaukar waƙa a kansu har suka salwanta. Amma amsoshin da aka aika masa ya adana su, kuma da su ya dawo: kaset goma sha huɗu, yawancinsu muryar Kaka ce, mahaifiyarsu shi da Inna, wadda ta rasu ina ƙarami. An taɓa gwada ɗaya a wani ɗan rediyo mai kaset, muryar ta fito siririya kamar ta sauro, Inna ta ce a kashe, wannan ba uwarta ba ce. Tun daga nan jakar ke rataye.

Washegari na kai akwatin rumfar wani dattijo mai gyaran rediyo kusa da babbar kasuwa. Yanzu tocila yake gyarawa da fitilun sola da ƴan rediyon nan masu kart memwar. Da ya ɗaga zanen sai ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Ɗan lakwal, wa yab ba ka wanga? Rabona da ganin irinai tun zamanin Kunce. Ka sa mishi wuta?"

"A'a Baba, ban taɓa ba."

"Madalla. Abin da yay yi shekara talatin shina kwana, ba a tashe shi da ihu."

Sati uku muka yi a kansa, kuma abin da na gani a rumfar nan zai amfani duk wanda ya ci karo da irin wannan akwati. Farko Baba bai taɓa waya ba, hanci ya sa. Ya shinshina transfo ɗin, ya ce in ya taɓa ƙonewa warin ba ya fita har abada, kuma in transfo ya mutu to ciniki ya mutu, don babu inda za a samo madadinsa a nan. Sannan ya duba kan kowace kwalba. Akwai wani tabo mai ƙyalli kamar madubi a cikin gilashin. In tabon ya koma fari kamar alli, iska ta shiga, kwalbar ta gama. Duk taran suna da ƙyallinsu. Ya duba wani ɗan maɓalli a baya da ke zaɓar ƙarfin wuta, 110 ko 127 ko 220, ya tabbatar yana kan 220 irin tamu. Ya bi katako da yatsa yana neman gara, ya bi wayoyi yana neman haƙorin kusu, ya samu wuri biyu.

"Kwalba ba ta cika mutuwa ba," in ji shi. "Kondansater ka mutuwa." Waɗannan wasu ƴan gwangwanaye ne da ke tara wuta su sake ta a hankali. Wasu da danshi a cikinsu, wanda shekaru da zafi ke busarwa, kuma kun san zafin Tawa a watan Afrilu da Mayu, sama da digiri 40 a inuwa. Wasu na takarda ne, su kuma tsufa ke sa su yoyon wuta. In aka kunna akwatin da su a haka, suna iya jan transfo su ƙone shi cikin mintoci. Baba ya ciro irinsu daga gawarwakin tsofaffin talabijin da ke jibge bayan rumfarsa, waɗanda bai samu ba muka yi sautu daga Kano ta hannun wani direba. Ranar gwaji bai haɗa akwatin kai tsaye da kuran ba. Ya gitta ampul irin na da mai waya a ciki tsakaninsu, ya ce in da gajeriyar hanya a cikin akwatin ampul ɗin zai haska da ƙarfi ya shanye wutar, a ga matsala ba a yi hasara ba. Ampul ya haska ya dushe. Kwalabe suka fara ja a hankali. Bayan kamar rabin minti wani ɗan koren haske ya buɗe a gaban akwatin, sai ga shuuu daga bafil, Baba ya murɗa, sai ga mutum yana karanta sanarwar rasuwa da Hausa.

Gargaɗi biyu ya yi min, ina isar da su yadda ya faɗa. Na ɗaya, kada a taɓa kunna amfili mai kwalba ba a haɗa bafil ba, transfon sauti ne zai lalace. Na biyu, wutar da ke yawo a ciki ta kai bolt 250 ko fiye, ta isa ta kashe mutum. "Ko an cire shi ga kuran, wuta na nan kwance ciki awa maciji cikin rumbu. Hannu guda aka aiki da shi, gudan ka sa shi aljihu." Gyara da kayan gyara da regilater na hannu suka ci sauran jika goma sha biyar.

A rumfar ne kuma na gano cewa kwalaben nan nahawu gare su. Kowace da sunanta a jiki: ECC83, EL84, EM84. Baba ya haddace su kamar sunayen jikoki, ni kuma na zauna na fasa su kamar yadda muke fasa kalma a aji. Harafin farko ɗafa-goshi ne, E na nufin wayar gashin tana cin bolt 6.3. Harafi na biyu shi ne saiwa, shi ke faɗin aikin kwalbar: C mai ƙara ƙaramar murya, in an ninka shi CC to biyu ne a gilashi guda, L mai tura bafil, M kuma koren idon nan da ke nuna ko tasha ta kamu sosai. Lamba 8 tana faɗin irin gindin da kwalbar ke zama a kai, mai ƙafa tara. Da na yi wa Baba wannan bayani ya ce shekara arba'in yana aiki da su bai taɓa jin haka ba, amma shi ya san wadda za ta mutu tun kafin ta mutu, ni fa? Na yi shiru.

A bayan akwatin akwai wata kafa mai rami biyar da aka yi don garmaho da na'urar faifan zare. Baba ya haɗa min waya daga nan zuwa wata na'urar kaset da ya sake wa bel. Daren Juma'a bayan isha muka fito da kayan tsakar gidan Kawu. Aka shimfiɗa tabarmi, matan maƙwabta suka shigo, yara suka yi tsit suna kallon jan da ke leƙowa ta ramukan marfin baya. Kawu ya zaɓi kaset guda ya miƙo min.

Da fari kukan zakara ne da sautin turmi daga nesa, sai wani yaro ya ce an kunna. Sai ta yi gyaran murya ta yi sallama. Murya ce mai kauri, mai ɗan kakkaɓi, ta cika tsakar gidan kamar tana zaune bakin ƙofar ɗaki. Ta fara gaisuwa irin tasu wadda ba a gaggawa: ina kwana, ina gajiya, ina baƙunta, ƙaƙa mutanen Kurmi, ƙaƙa ruwa. Sai na ji wata murya kusa da ni tana cewa "Lahiya lau. Babu gajiya. Lahiya lau, Inna." Mahaifiyata ce ke amsawa, kanta a sunkuye, gaisuwa bayan gaisuwa har ta ƙare. Babu wanda ya dube ta.

Kaka ta ba da labarin damana, gonar tudu ta yi ta fadama ruwa ya ci. Ta lissafa waɗanda suka rasu da waɗanda suka yi aure. Ta ce kuɗin da ya aiko sun iso, an biya bashin hatsi, an sayi akuya da ragowar. Can wajen ƙarshe ta ce: "Ƙanwarka ta sauka lahiya, namiji na, an yi suna. Na samu sabon miji, amma ba ni son shi, kuka gare shi awa wanda anka ci ma bashi." Tsakar gida ta ɗauki dariya, aka yi ta nuna ni. Ni ne mijin. Ban taɓa jin ta yi maganata ba sai ran nan.

Yanzu bari in cire hular jika in sa ta ɗalibi, don na san tambayar da ke bakinku: kwalbar ce ta yi wannan? Masu son irin waɗannan akwatuna suna cewa sautin kwalba ɗumi gare shi. Da ɗan gaskiya a ciki, don in aka matsa mata, murɗewar da take yi wa sauti mai laushi ce, kunne ba ya ƙin ta. Amma mafi yawan abin da Inna ta ji aikin bafil ne. Muryar namiji tana kaɗawa wajen sau 85 zuwa 180 a daƙiƙa, ta mace wajen 165 zuwa 255. Ƴar lasifikar salula ko ta ƙaramin rediyo ba ta iya fitar da wannan gindin muryar, saman kawai take bayarwa, ƙwaƙwalwa ta cike sauran. Shi ya sa kana gane maganar amma ba ka jin mutumin. Babban bafil cikin akwatin katako yana fito da gindin. Kuma mu Hausawa a nan karin sautinmu yake zaune, wanda ke raba kuka na ido da kuka ta miya, ya raba fara ta gona da fara aiki. Amfili na zamani mai kyau da manyan bafil zai yi kusan haka. Abin dariyar ma shi ne kaset ɗin Kaka hanya guda aka ɗauke shi, gajeren zango ma hanya guda ne, saboda haka sitiriyon da na saya abu guda yake faɗa dama da hagu. An yi shi ne don faifan garmaho na sitiriyo da suka fito kasuwa a 1958, mu kuwa ko guda ba mu da shi.

Sauran aibobinsa ma ba zan ɓoye ba. FM ɗinsa ya tsaya a kan 100, duk tashar da ke sama da nan ba ya ganin ta. Takardar baya ta ce wat 70 yake ci, kuma mafi yawan wannan zafi ne yake zubarwa cikin ɗaki, abin da ba mu rasa ba. Ba ya aiki da pil. Wanda ya zauna Tawa daga Agusta 2023 zuwa farkon 2024, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take turo wa Nijar, ya san darajar abin da ke aiki da pil. Ƙurar hunturu kuma sai an riƙa bi da burushi. In waƙa kawai kake son ji, sayi ɗan bafil mai caji ka riƙe canjinka. Ni ma aikin nazari ba da kwalba nake yi ba. Na kwashe kaset ɗin duka zuwa kwamfuta, kuma da Praat nake auna su, manhajar nan ta kyauta da aka ƙera a Amsterdam.

To me na saya da jika talatin da biyar? Na sayi abin da ya sa Inna ta yarda cewa uwarta ce ke magana, wannan kaɗai ya biya ni. Na kuma hana a fasa akwatin don kilo biyu na jan ƙarfe. Amma abin da ya fi tsaya min a rai tunanin da rumfar Baba ta jefa ni ciki ne. Yaran da ya koya wa aiki duk sun watse, wasu gyaran salula, wasu Libiya, wasu zinariyar Jado. Idonsa ya fara rauni. Ranar da ya rufe rumfa, akwatina ya koma matacce ko da kwalabensa tara suna da rai, don abin da ke raya shi yana cikin kan mutum guda.

Haka na riƙa ji ina sauraren Kaka a kwamfuta ina rubuta maganarta. Sunka, munka, anka. Yaz zo, tat tahi. Shi na, ita ta. Kusu, awa, biyat, bida. Ku duba wannan takarda da kuke riƙe da ita: "suka" na rubuta tun daga sama, alhali ko a mafarki "sunka" nake cewa. Mu da kanmu in muka sauka Yamai, ko muka shiga WhatsApp, sai mu gyara baki ya koma na finafinan Kano, kada a ce ƴan ƙauye. Ga shi kuwa masana sun daɗe da nuna cewa Hausar yamma ta riƙe tsofaffin siffofi da ta Kano ta sauƙaƙe, "sunka" ta girmi "suka". Bernard Caron ya rubuta littafi sukutum a kan Hausar Adar a 1991, Djibo Hamani, wanda jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa, ya rubuta tarihin Adar tun 1975. Ba ina faɗa da daidaitacciyar Hausa ba ne, da ita muke fahimtar juna daga Agadas har Kumasi. Ina cewa ne mun sa Adarancinmu a layin "na da", mun lulluɓe shi da zane mun aza kwanoni.

Kuma a nan akwatin ya fi harshe sa'a. EL84 da ECC83 har yau ana ƙera su a Rasha da Sulobakiya da Sin, saboda masu kiɗan gita ba su yarda sun rabu da kwalba ba. Akwatin ya yi shekara talatin yana barci, aka sake masa gwangwanaye ya tashi. Yadda tsohuwa ƴar arewacin Adar take jera gaisuwa, da inda take ɗaga murya da inda take sauke ta, babu masana'antar da ke ƙera wannan. In masu yin sa suka tafi, abin da aka ɗauka a kaset shi ya rage, kaset kuma zare ne mai maganaɗisu da zafi ke cinyewa kowace bazara. Cikin sha huɗun Kawu biyu sun riga sun manne, ba a ceto komai a cikinsu ba.

Saboda haka ga roƙona ga duk wanda zai tafi gida bakans, ko Keita ne ko Tamaske ko Buza ko Illela. Gidan da ya taɓa yin ɗan bida da wuya a rasa kaset a ƙasan adaka. Ku tambaya. In kun samu kada ku bar shi a rana, kada kuma ku jefa shi cikin kowace na'ura. Ku sa biro a ramin ku juya zaren a hankali daga farko har ƙarshe, a tabbata bai manne ba. A goge kan na'urar da alkol. A kwashe zuwa kwamfuta tun a saurare na farko, don wani kaset sau guda zai yarda. Ku rubuta wa ke magana, wane ƙauye, wajen wace shekara. Ku nemi izinin masu abin kafin ku kunna wa kowa, don wasiƙa ce, da zancen bashi a ciki da na aure da na rigimar gona, ba don mu aka yi ta ba. Wanda iyalinsa suka yarda, ya kawo a saurara a gidan Kawu, bafil biyu na nan.

Baba kuma ya ce in faɗa muku rumfarsa a buɗe take kowace Asabar da hantsi ga duk mai son koyon kwalba da transfo, mace ko namiji, ɗan kimiyya ko ɗan adabi. Bai nemi ko dala ba. Sharaɗinsa guda ne, a zo da ganyen shayi da sukari, kuma wanda ya zo ya bar salularsa cikin aljihu tare da hannunsa na hagu.